Na Kai Baba Kallon Tseren Motoci a Amurka

Tun da na dawo Riyad ban huta da tambaya ba. In na shiga masallacin unguwarmu a Suwaidi, manya su tare ni a bakin ƙofa: "Habu, wai da gaske har Amurka ka je don kallon mota kawai?" In na fito, yara su biyo ni har shagon mai burodi suna yi mini Larabci: "Ammu Habu, gaskiya ne motocin ba su da ƙofa?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Da gangan kuma na rubuta da Hausa. Ku yaran da aka haifa a nan, duk mai son jin yadda aka ƙare sai ya daure ya karanta, in ya kakare ya tambayi babansa.

Ni direba ne, mutumin Funtuwa. Na daɗe ina tuƙa wani dattijo Balarabe, Abu Fahad, wanda mu ma'aikatan gidan muke ce wa Baba. Yana saurayi ya yi karatu a Amurka, a can wani abokinsa ya taɓa kai shi kallon babban tseren motocin da suke buɗe shekarar wasa da shi, a wani gari na bakin teku a jihar Florida. Tun daga nan abin ya shiga ransa. Duk watan Fabrairu sai ya kalla a talabijin, ya ce wata rana zai koma. Ana haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ƙafar dama ta daina ɗaukarsa, harshe ya yi nauyi, ya koma kan keke. 'Ya'yansa kullum sai su ce, "Baɗi in sha Allahu, Baba, in ka ƙara samun sauƙi."

Wata rana muna dawowa daga gashin ƙashi a asibitin Shumaisi, ya taɓa kafaɗata daga baya.

"Ya Habu. Bana."

"Bana me, Baba?"

"Bana za mu je. Ni da kai."

Na ce masa to. Sai da na ajiye motar na fara tunanin abin da na amsa.

Babban ɗansa Fahad shi ne kafilina. Sunansa ne a kan iƙamata, wato zamana a ƙasar nan da aikina duk a hannunsa suke. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa a kan mahaifinsa. Da farko ya ce sam. Baba ya daina cin abinci tare da su, ya juya kekensa ya fuskanci bango. Likita kuma ya ce in da mai kula da shi sosai, tafiyar ba za ta gagara ba. A ƙarshe Fahad ya kira ni ya ce, "Ranar Lahadi ake tseren. Litinin ku hau jirgi, domin Alhamis yana da ganin likita. Ko yini ɗaya kada ka ƙara."

Abokaina direbobi suka ce in daina wahalar da kaina, wa zai ba direba mai koren fasfo bizar Amurka? Na ce gara in je su hana ni da bakinsu. A ofishin jakadancinsu, matar da ke bayan gilashi ta tambaye ni me zan je yi. Turancina na sakandare ne, ya yi tsatsa, amma na lallaɓa na ce zan tura keken maigidana ya ga tsere. Ta ce, "Kai ma kana son tseren?" Na ce ban taɓa gani ba, ni tuƙi a hankali aka ɗauke ni yi. Ta yi dariya ta karɓi fasfon. Bayan 'yan kwanaki ya dawo da biza, Fahad ya danna mini izinin fita da dawowa a wayarsa, muka ɗaure kaya.

Mun tashi da safe muna bin rana, ita kuma ta ƙi faɗuwa. Na yi azahar a zaune, na yi la'asar, na yi ta leƙen taga ina jiran magariba har na gaji. Duk lokacin da Baba zai zaga sai na rungume shi na ɗaga, mu ratsa tsakanin kujeru muna ba mutane haƙuri. A jirgin nan muka raba aiki. Shi yana da Turanci amma harshe ba ya juyawa, ni ina da harshe amma Turancin kaɗan ne. Sai ya raɗa mini a kunne, ni kuma in faɗa da ƙarfi.

A filin jirgin da muka fara sauka, wanda ya zo taya ni tura keken wani baƙin mutum ne mai furfura a gemu. Ya dubi fasfona ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Ya hanya?" Na kusa sakin jaka. Alhasan sunansa, ɗan zangon Kumasi, ya daɗe a can. Muna cikin gaisawa wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Ma'aikacin da ke riƙe da shi ya ce in buɗe. Kilishina ne, wanda matata ta aiko mini daga gida, na yi ta tattalinsa don wannan tafiya. Ashe ba a shiga musu ƙasa da nama. Dabinon Baba da garin gahawarsa suka wuce lafiya, kilishina aka jefa a kwandon shara ina kallo. Alhasan ya dafa ni ya ce, "Yi haƙuri. Kwandon nan ya fi ni da kai cin daɗi, ba irin naman mutanenmu da bai haɗiye ba." Baba ya yi dariya da ɓarin bakinsa mai motsi.

Daga nan muka hau wani jirgin zuwa Florida, muka ɗauki hayar mota mai shigar keke. Tuƙinsu ya ba ni mamaki. Mutum zai zo mararraba, ba kowa ko ta ina, ba ɗan sanda, amma ya tsaya cak ya duba kafin ya wuce. A gidan mai na zauna ina jiran mai zubawa, har wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa gilashi ta nuna mini kowa da kansa yake zuba wa motarsa.

Masaukinmu ɗaki ne a ƙasa. A bayan gida ba buta, ba ɗan bututun ruwa, sai takarda. Na tafi kanti na dawo da abin ban-ruwan fulawa, kore, mai dogon baki, shi ya zama butarmu har muka taho. Wurin karin kumallo kusan duk abin da na nuna sai Baba ya girgiza kai, alade ne. Muka tsaya a kan ƙwai da burodi da wani farin abu na tsakin masara, kamar tuwon da aka sauke bai yi kauri ba. Ni ya yi mini, na barbaɗa barkono na shanye. Baba ya ɗanɗana ya ture, ya ce kabsa yake so. Na ce masa shinkafarsa tana Riyad tana jiransa.

Ranar Lahadi muka yi sammako. In ban da a aikin Hajji ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Wasu da motoci masu ɗaki da kicin a ciki suka zo, sun yi kwanaki a wurin, sun kafa tutoci suna gashi a waje. Aka tura mu ajiye mota a wani filin ciyawa. Tun muna hanya sama ta haɗe, kafin in sauke keken an fara yayyafi. Ban yi nisa ba ƙafafun keken suka nutse a laka. Na tura, na ja, na cire takalmi na sake turawa. Na ce wa Baba mu koma mota mu jira. Ya bugi hannun keken da hannunsa mai lafiya ya ce, "Gaba."

Sai ga wani ƙaton Bature mai jan gemu da hular hana-sallah ya fito daga motarsa mai ɗaki. Ya kama gaban keken, na kama baya, muka ɗauke Baba cak har kan kwalta. Sunansa Randi, makanikin taraktoci ne, shi da matarsa Suzan duk shekara sai sun zo. Da ya ji daga inda muka taso ya ce, "Daga Saudiyya? Don tseren nan kawai? To yau ku baƙina ne."

Tikitinmu ya ba mu damar zuwa kusa da motocin kafin a fara, Randi ya raka mu. Yara, ga amsar tambayarku. Daga nesa motocin kamar waɗanda kuke gani a titi ne, daga kusa ba haka ba. Ba su da ƙofa. Direba ta taga yake zura ƙafa ya shiga, a rufe tagar da raga. Fitilun gaba ba fitilu ba ne, hoto ne aka manna. Kujera ɗaya ce tak, an kewaye ta da ƙarafa kamar keji, don in motar ta kife ƙarfen ya kare mutum. Tayoyin kuma sumul suke, ba zane ko ɗaya. A busasshen titi suna kama ƙasa fiye da namu, amma in titi ya jiƙe sai su zame kamar sabulu. Shi ya sa ba a yin wannan tsere cikin ruwa.

Ruwan kuwa ƙaruwa ya yi ta yi. Aka fito da manyan motoci masu hura iska mai zafi su busar da titin, suna gamawa wani ruwan ya sake saukowa. Muka zauna cikin rigunan leda har bayan la'asar. Sai aka yi sanarwa, mutane suka fara tashi. Randi ya sunkuyo ya ce mini, "An ɗage sai gobe da rana." Jirginmu kuma gobe da safe ne.

Ya kai mu motarsa mai ɗaki, Suzan ta ba Baba tawul da shayi mai zafi. Muna zaune wayata ta yi ƙara. Fahad ne. Na dubi Baba, yana riƙe da kofi, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Bai dube ni ba. Bai roƙe ni komai ba, kuma na san ba zai roƙa ba. Na fita ƙarƙashin rumfa na amsa.

"Na gani a talabijin," in ji Fahad. "Shi ke nan, Allah bai yi ba. Gobe ku hau jirginku."

"Ranka ya daɗe, maganinsa akwai saura. In muka taso Talata za mu iso kafin ranar likita."

"Ba shawara na kira ka ba."

"Na sani. Amma mun ratso duniya mun zo har bakin ƙofa. Ba zan iya juya kekensa yanzu ba."

"Ka san sunan wa ke kan iƙamarka?"

"Na sani, ranka ya daɗe. In mun dawo ka yi yadda ka ga dama da ni. Gobe dai zan kai shi."

Ya kashe wayar. Na tuna ina da mata da 'ya'ya a Funtuwa, kuma da aikin nan suke ci. Na koma ciki na ce, "Baba, gobe muna nan." Ya ajiye kofin, ya kama hannuna ya matse.

Suzan ce ta karɓi wayar ta yi ta fama da kamfanin jirgi har aka mayar mana da tafiya Talata. Daga nan ta wanke kasko a gabana, ta ɗaga ta nuna mini, ta soya mana kifi daban da nasu. Ni kuma na dafa gahawa na fito da dabino. Randi ya karɓi ɗan finjalin, ya ɓace a cikin tafin hannunsa, ya shanye a kurɓa ɗaya ya ce, "Ina sauran?"

Litinin rana ta fito tas. Aka ba mu wuri a sama, inda masu keke ke zama, su Randi suka yi musayar kujera da wasu suka dawo kusa da mu. Daga can na ga filin gaba ɗaya. Zagaye ne babba ƙwarai, har da tafki a tsakiya. Motoci wajen arba'in ke tashi tare, su zagaya sau ɗari biyu, kullum hagu suke kwana. A wurin kwanar an gina titin a karkace kamar gefen kwano, in mutum zai hau da ƙafa sai ya haɗa da hannu. Wannan karkata ita ke riƙe mota, ta sha kwana ba tare da ta rage gudu ba.

Kafin a fara kowa ya cire hula, wani fasto ya yi addu'a, aka yi taken ƙasa, jiragen yaƙi suka wuce ta kanmu. Ni da Baba muka yi bisimilla. Sai aka tada injuna gaba ɗaya. Na toshe kunne da abin da Suzan ta ba mu, amma ƙarar ba ta kunne take shiga ba, ta ƙirji take shiga. Da aka kaɗa koriyar tuta suka wuce ta gabanmu, benen da muke kai ya yi ta rawa.

Da tuta ake yi wa direbobi magana. Koriya, a tafi. Rawaya, an yi haɗari, kowa ya rage gudu ya bi layi. Ja, a tsaya. Fara, saura zagaye ɗaya. Mai ɗigon baƙi da fari, an gama. Direba ba ya iya waiwaye saboda hular kwano da ɗaurin wuya, don haka kowannensu yana da mutum a kan rufin bene mai gaya masa ta rediyo: akwai mota a damanka, yanzu ba kowa, shiga. Randi ya ɗora wa Baba abin sauraro a kunne yana jin su. In mai ya kusa ƙarewa mota ta shiga gefe, mutanenta su diro ta kan katanga, su canza tayoyi su zuba mai. Ni kafin in kwance noti ɗaya na motar Baba su sun sallami motar.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda suke manne wa juna. A nan Riyad in mota ta manno bayanka tana walƙa maka fitila, neman faɗa ne. A can taimako ne. Motar gaba ce ke tsaga iska, ta baya ta laɓe a bayanta ba ta shan wahala, har ta riƙa tura ta gaban da goshi, su biyun su ƙara gudu. Wanda ya fita layi shi kaɗai, iska ta buge shi, sai ka ga an wuce shi kamar yana tsaye. Kowa yana buƙatar wani, kuma kowa yana jiran lokacin da zai yar da wanin.

Baba ya zaɓi wata shuɗiyar mota tun farko, don launinta kawai. Randi ya ce direbanta sabon shiga ne, kada mu sa rai. Ta yi baya, ta dawo tsakiya, ta sake yin baya. Na ba Baba maganinsa, na yi salla a bayan kujeru, na dawo tana nan tana fama. Da rana ta yi sanyi sai ga ta cikin na gaba.

Aka kaɗa farar tuta. Duk filin ya miƙe tsaye, na gabanmu har da masu hawa kan kujera, suka tare wa Baba gani. Na ji an damƙi wuyan rigata. "Ɗaga ni," in ji shi. Na shiga ƙarƙashin hammatarsa ta dama, Randi ya shiga ta hagu, muka miƙar da shi. A kwanar ƙarshe wata mota ta taɓi wata, ta juya ta bugi katanga, na baya suka afka mata. Hayaƙi ya rufe titin, ba ka ganin komai sai tartsatsi. Baba ya buɗe baki ya yi ihu, "Yalla! Yalla!" wato maza-maza. Tun da ya kwanta ciwo ban ji kalma ta fito masa tas haka ba. Sai ga motoci biyu sun fito daga cikin hayaƙin kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ja, ɗaya shuɗiyarmu, gefenta duk ya lotse. Suka ƙetare layi tare. Sai da aka nuna a allo muka ga jar ta riga ta da ɗan goshi.

Na zaci ran Baba zai ɓaci. Da na dube shi hawaye ne ke zuba, yana dariya, duk nauyinsa a wuyana. Randi ma yana share ido da hularsa. Wanda ya ci ya yi ta juya motarsa a wuri ɗaya har tayoyin suka ƙone, mu kuma ba mu zaunar da Baba ba sai da ya ce ya isa.

Dukan ruwan ranar Lahadi bai bar shi haka ba. A jirgin dawowa ya fara tari, kafin mu sauka jikinsa ya yi zafi. Fahad yana jiranmu a filin jirgi. Bai amsa gaisuwata ba, ya zare hannuna daga keken ya tura mahaifinsa da kansa. Baba ya yi mako guda a asibiti da ciwon ƙirji. Kullum ina zuwa in tsaya a baranda, ba a ce in shiga ba, ban kuma tafi ba. Alhamdu lillahi ya warke ya koma gida.

Ba a kore ni ba, amma an karɓe makullin motar Baba aka ba wani. Aka mayar da ni motar ɗaukar kayan miya daga kasuwar Aziziya zuwa gidan abincin da iyalin suke da shi. Har yanzu da nake rubutun nan aikina ke nan, kuma ban yi da-na-sani ba.

Makon jiya da hantsi ina loda kwandunan tumatir, sai na hango farar riga tsakanin buhunan albasa. Fahad ne, yana ɗage gefen rigarsa kada ta taɓa ruwan ƙasa. Na ce a raina yau sallamata ta zo. Ya yi mini sallama, ya duba hagu da dama, ya jawo wani akwatin roba ya kife ya zauna a kai.

"Baba ya ba ni labarin tseren nan ya fi a ƙirga," in ji shi. "Kullum in ya kawo zagayen ƙarshe sai kuka ya ci ƙarfinsa, ya kasa ƙarasawa. Har yau ban ji yadda aka ƙare ba. Ajiye kwandon nan ka faɗa mini."

Na ajiye kwandon, na goge hannuna a jikin wando, na jawo wani akwatin na zauna a gabansa.